Jirgin da Barau Ya Ɗora Bisa Duwatsu

A Limawa aka haifi Barau, gindin duwatsun Dutse, inda ruwan da yaro ya sani bai wuce na rijiya ba. Manomi ne na gaske. Rumbunsa bai taɓa yin gara ba, kuma har gobe tsofaffi na faɗin haka. Gona ɗaya ubansa ya bar masa, jigawa mai kuka a tsakiya, ita yake ci, ita matarsa Adama da 'ya'yansu ke ci.

Sai Nasara suka zo, aka ce haraji ba da dami ba, ba da kuɗin wuri ba, sai da sule. Ina manomin gero zai ga sule? Wata shekara Barau ya raka jakunan wani fatke arewa, suka isa mashigin kogin Haɗeja. Nan ya tsaya baki buɗe yana kallon masu fito: mutum ya tura jirgi da gora, ya ƙetare, a zuba masa anini a hannu. Tun daga ranar zuciyarsa ba ta sake zama ba.

Akwai wani masunci, Gaji, da zai koma gabas, yana neman mai sayen tsohon kwale-kwalensa. Jirgin ya girmi Barau, bakinsa duk ya cinye, amma ba ya yoyo. Barau ya je wajen Malam Uwaisu, attajirin garinsu, ya durƙusa.

"Malam, rance nake nema. Gonata ce jingina."

"Barau, kai da ko iyo ba ka iya ba?"

"Zan koya, Malam."

Aka yi shaidu. In kaka ta biyu ta zo bai biya ba, gona ta zama ta Uwaisu. Adama ta yi kuka har idonta ya kumbura, shi kuwa ya ce mata mace ba ta san neman kuɗi ba.

Ya koya ɗin kuwa, a ba shi wannan. Kafin ruwa ya janye ya iya gora, ya rage bashin. Da rani ya kama, sai ya ga masu fito suna jan jiragensu zuwa gurbin da ba ya ƙafewa, su cika su da ruwa, su danne da duwatsu su nutse. Barau ya riƙe haɓa. Itace a cikin ruwa wata da watanni? Ai ruɓewa zai yi! Shi da ya san yadda danshi ke cin hatsi da ƙotar fartanya, ba zai yi wa dukiyarsa haka ba.

Ya yi gayya aka ja jirgin tudu. Ya ɗora shi bisa duwatsu yadda ake ɗora rumbu, ya zuba toka kewaye saboda gara, ya yi masa rumfar kara. Masu fito suna tsaye suna kallo. Wallahi ko ɗaya bai buɗe baki ba, kuma wannan ne abin da ke ci mini rai. Baƙo ne da ya zo raba musu abinci, sai suka bar shi. Shi ma girman kai bai bar shi ya tambaya ba. Ya koma gida hankali kwance.

Zafin bazara ya yi aikinsa. Da ya dawo farkon damina, tsaga ta bi cikin jirgin daga kai har gindi, yatsa na shiga. Tsohon icen da ya shekara da shekaru yana shan ruwa ya bushe ƙayau. Barau ya zauna a ƙasa. Daga baya ya cusa tsumma, ya liƙe da ƙaro, ya ce wa kansa in ya jiƙa zai haɗe.

Ranar da kogi ya cika, wani fatke ya ba shi fiton kanwa. A tsakiyar ruwa jirgin ya buɗe. Masu fiton nan dai su suka tsamo shi da rai, kanwa kuwa ta narke. Abin da ya tara duka ya tafi wajen biyan fatke, har da awakin Adama.

Kaka ta zo, Uwaisu bai ƙara masa ko kwana ba, kuma ba wanda ya ce ya yi zalunci. Adama ta kwashi yara ta tafi gidan yayanta a Garki, don babu abin da za a dafa. Barau bai bi su ba, kunya ta hana shi.

Da damina ta kewayo ya je ƙofar Uwaisu neman ƙodago. Aka haɗa shi da wani bara sabon zuwa, wanda bai san shi ba. Baran ya kai shi gonar nan mai kuka a tsakiya, ya bi da shi gefe-gefe.

"Baba, ka lura, nan ce iyaka. Kada ka shiga ta maƙwabci."

"To," in ji Barau.

A gonar ya yi ƙodago har ƙarfinsa ya ƙare, ana biyansa da hatsin yini.