Mujallar da Na Turara

A gidanmu na unguwar Abbaganaram, idan ka miƙa wa mace abu, hanci take fara kai shi kafin ido. Laffaya ce, ɗankwali ne, ko jariri ne, sai an shinshina tukuna a yi magana. Na tashi ina ganin haka, ban taɓa ɗaukarsa wani ilimi ba sai shekarar da na gama jami'a, na sa wa raina zan fitar da mujallar waƙa ta 'yan mata.

Wata biyar na yi ina zana ta a littafin makaranta. Na so ta zama ƙarama, ta shige jakar hannu ba tare da an lanƙwasa ta ba. Launinta kuwa na lalle ne idan ya kama sosai, ja mai duhu. A gefen kowane shafi akwai zanen fulawa irin na bayan hannun amarya. A ciki na sa waƙoƙin biki da Kanuri da Hausa, da hira da wata ƙawata 'yar kudancin Borno, malamar firamare da ke rera waƙa a cocinsu, wadda ta ba ni waƙoƙin niƙa na kakanninta. Na bar shafi ɗaya fari tas, da layi guda a samansa: waƙar da kike so a yi miki ranar lallenki.

Bangon na Kaka ne. Ba ita ta haifi iyayena ba, tsohuwa ce a layinmu da ta yi wa mahaifiyata waƙa ranar aurenta, ta yi wa yayyena, har yanzu kuma ba a lalle a unguwar sai da muryarta. Ranar da na je ɗaukar hotonta sai da ta sa na jira ta canja laffaya sau biyu.

"Fero," in ji ta, haka take kiran kowace yarinya, "da gaske ni za ki sa a gaba? Da wannan giɓin?"

"Da shi, Kaka. Na yi miki alkawari."

Kwamfuta ce ba ni da ita, ban kuma iya jera shafi ba. Sai na nemi wani ɗan ajinmu da ke da shagon buga katin biki a Lamisula. Ya karɓe ni hannu bibbiyu. Na ba shi littafina, da hotunan, da duk abin da na rubuta, muka yi cewa ni ce mai mujalla, shi mai tsarawa. Muka kuma shirya za mu fara raba ta a bikin wata 'yar ajinmu, inda 'yan matan garin za su taru.

Bayan sati uku ya kira ni in zo in gani. Na tafi da Kaka, don ta matsa sai ta ga kanta. Ya juyo mana da fuskar kwamfutar. Mujallar ta zama babba kamar kalanda, ruwan hoda daga sama har ƙasa. A bangon wani saurayin mawaƙi ne da baƙin tabarau, ya dafa mota. Shafina fari ya cika shi da tallar man bilicin. Rubutuna yana nan, amma sunansa ne a ƙasan kowanne, nawa kuma yana can shafin ƙarshe cikin waɗanda aka gode wa.

"Ina Kaka?" na tambaye shi.

Ya yi dariya. Ya ɗauka tsohuwar ba ta jin Hausa sosai. "Haba, malama. 'Yan mata muke nema. Wannan fuskar ai sai tallar maganin ciwon gwiwa."

Kaka ta ji. Ta gyara laffayarta ta rufe bakinta da gefenta, ta fita ta tsaya a rana tana jiran Keke. A hanya ba ta sauke laffayar daga bakinta ba har muka iso gida.

Ni mutum ce mai sanyi. A makaranta ko biro aka ɗauke mini sai in ce wataƙila mai shi ya fi ni buƙata. Amma ranar na gano akwai wani ɗaki a cikina da ban taɓa shiga ba, na shiga na zauna. Ban yi masa faɗa ba, ban kai ƙara wurin kowa ba. Littafina kawai na aika aka karɓo mini.

Ƙawata malamar ce ta kai ni wurin wani dattijo da ke buga musu takardun waƙoƙin coci. Injinsa tsoho ne, launi biyu kawai yake iyawa. Na ce ja mai duhu da baƙi sun ishe ni. Takardarsa mai kaushi ce, ba ta sheƙi. Kwafi sittin ya buga mana, muka ɗinke su da zare ni da ita a tsakar gidansu.

Saura sati uku biki na haɗu da ɗan ajin namu a bakin titi. Ya tsayar da mashin ɗin tafiyarsa, wato ƙafafunsa, don ranar motar da yake aro ba ta samu ba, ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru.

"Malama, an buga fa. Kwali takwas! Shagona ba wuri, ga damina, sai na kai ɗakin ajiyar kawuna a Baga Road."

Na san ɗakin. Kawun nasa dillalin banda ne a kasuwar kifi, kwalayen busasshen kifi ne jibge a ciki har rufi. Na kuma san abin da takarda take yi da wari, don na taɓa mance littafin waƙoƙina kusa da kaskon turaren mahaifiyata, shekara biyu yana ƙamshi. Sati uku, a rufe, cikin zafi da laimar damina. Maganar ta zo har bakina. Kalma biyar za su ishe shi ya kwashe kayansa a ranar.

Sai na tuna gefen laffaya a kan bakin Kaka.

"Wuri mai kyau ne," na ce. "Ba ya yoyo."

Daga nan gida na wuce, na roƙi mahaifiyata ta ba ni ka'ajinta, turaren wutar da take haɗawa da kanta ba ta ba kowa sirrinsa. Muka zuba garwashi a kasko, muka kifa babban kwando a kai kamar yadda ake yi wa kayan amarya. Maimakon laffaya, mujalluna na shimfiɗa, biyar biyar, a buɗe, na lulluɓe da zane. Kullum da hantsi haka nake yi. Ina juya shafukan ɗaya bayan ɗaya don hayaƙin ya ratsa, ina kuma lissafa kwanakin da nasa suke yi a can. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba, kuma ba zan ce duka daɗin na ƙamshin ba ne.

Ranar lalle, bayan la'asar, gidan amarya ya cika. Maza ba sa shiga, don haka ɗan ajin namu ƙannensa mata biyu ya turo da kwalin mujallunsa. Su ma ina jin hancinsu ya saba a hanya. Suka fara rabawa. Ina zaune a gefe da jakata a kan cinya, ban motsa ba.

Wata doguwa mai jan laffaya ce ta fara karɓa. Ta kai hanci, kamar yadda na san za ta yi. Ta janye kai da sauri.

"La ilaha! Wannan mujalla ce ko miya za a kaɗa da ita?"

"Ba ni in ji. Kai! Tarwaɗa ce wallahi."

"Ke dai duba mai tabarau ɗin, ashe masunci ne."

"Ku ɗauke min daga nan, yanzu na fito daga turare, kada ya kama min kaya!"

Yayar amarya ta taso ta ce a fitar da kwalin waje gaba ɗaya kafin dangin ango su shigo su ce gidan ne haka. Waɗanda suka riga suka taɓa suna ta neman ruwa da sabulu. Ƙannen nasa sun ba ni tausayi, ba laifinsu ba ne, amma tausayin bai kai ya tashe ni daga inda nake ba.

Sai da Kaka ta zauna a tsakiya, aka kawo mata ruwa ta gyara murya, sannan na buɗe jaka. Na miƙa wa doguwar nan guda ɗaya. Ta karɓa da yatsa biyu, tana hararata, ta kai hanci. Ta lumshe ido. Ta sake shinshinawa.

"Wa ya haɗa wannan turaren?"

Sai bayan haka ta juya ta ga bangon. "Ke! Kaka ce! Ku zo ku ga Kaka!"

Kafin a fara waƙa sittin ɗin sun ƙare. Na ga wata tana cusa tata cikin jaka, ta shige daidai. Na ga biyu suna faɗa a kan biro, kowace tana son cika farin shafinta. Masu ɗanyen lalle a hannu suna cewa a buɗe musu su gani. Aka kai wa Kaka ɗaya. Ba ta karatun boko. Ta daɗe tana kallon hoton, ta shinshina, ta ce mahaifiyata ta cika sa itacen sandal a turarenta kamar kullum. Da ta fara waƙa ba ta rufe bakinta ba, giɓin yana waje kowa yana gani.

Washegari ɗan ajin namu ya kira ni. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Malama, don Allah, idan aka turara su zai fita?"

Duk macen garin nan ta san turare a kan ƙarni ya fi ƙarnin muni. Na ce masa ni ban sani ba, ya tambayi 'yan matan da ya ce ya fi ni sanin abin da suke so.

Bayan wata biyu na ji labari cewa kawun ya gaji da kwalayen, ya rabar wa masu sayar da kifi. Ban da wani aiki a Baga Road ranar, amma na shiga Keke na je. A rumfa ta uku na samu. Na sayi banda, matar ta yago shafi ta naɗe mini. Hirar ƙawata ce, wadda na kwana biyu ina gyarawa, da sunansa a ƙasa, man kifi ya jiƙa shi har ba ya karantuwa sosai. Na kawo gida, mahaifiyata ta yi mana miya da kifin, na zuba a kwano na kai wa Kaka nata.