Ranar da Aka Tuɓe Gonar Iya

Tun da Yaya Habu ya turo min bidiyon nan, abinci bai ƙara yi min daɗi ba. Ina shagon aika kaya da nake aiki a unguwar Al Rigga ta Dubai, wani Alhaji yana ta gaggauta ni da "yalla, yalla, kwantena za ta tashi," ni kuwa zuciyata tana ƙauyenmu tana tafasa. Gonar kakarmu Iya ce a bidiyon, gonar da nake dakon kayan mutane a Dubai don wata rana in koma in noma ta. Abin da na gani ya mayar da ni gindin murhunta.

Idan an gama girbi, Iya takan tura itace a wuta, ta binne dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Labaranta duk na ƙasa ne, don mace ce da za ta dunƙula ƙasa a hannu, ta shinshina, ta faɗa maka gero za a shuka ko dawa. Ni kuma ta mai da ni abin tsokana. "Kai maigida, rufe bakin nan, ga labari ya iso bakin ƙofa."

Wai ƙasa 'ya'ya mata uku ta haifa. Babbar ita ce Jigawa, fara, mai sakin hannu, duk ruwan da ta samu sai ta bar shi ya wuce, amma gero da gyaɗa suna son ta. Mai bi mata Dabaro, baƙa, mai riƙo, da damina ta kama maka ƙafa, da rani ta tsattsage, sai dawa da shinkafa ke iyawa da ita. Autar kuwa, Fako, ta fi su albarka, don tana da wani baƙin zane mai laushi wanda komai aka jefa a kansa sai ya tsiro.

Sai Fako ta auri wani manomi mai haɗama. Ya kwashe hatsi, ya kwashe kara da karmami, har kashin shanun da suka kwana a gonar ya share ya kai kasuwa. Iska da ruwa suka yi ta yagar zanen. A nan Iya takan ƙanƙantar da murya ta kwaikwayi Fako: "Maigida, ka bar min ko kara in rufa." Shi kuma ya ce baɗi. Ranar da zanen ya ƙare, Fako ta yi fushi ta rufe bakinta. Shi ya sa har yau ruwa ke gangarewa ta kanta ba ta sha, fartanya kuma ta buga ta dawo.

Na ce, "Iya, sai ya ba ta haƙuri mana."

Ta ce, "Ya yi ta bayarwa har haƙoransa suka zube. Jikokinsa ne suka fara ganin ciyawa a wurin. To, labari ya kwanta, a tono dankali."

A bidiyon, gonar Iya ta zama jan fili mai ƙyalli, da sawun manyan tayoyi. Nan take na kira Yaya.

"Yaya, me kuka yi wa gonar Iya?"

"Haba Sabitu, gona tana nan, ko taku ɗaya ba a sayar ba. Ginin gidanka ne ke son ciko, tifar ƙasa kuma ta yi tsada. Na ga akwai jar ƙasa a ƙarƙashin tamu, sai na sa katafila ta kankare saman."

"Baƙar ƙasar fa?"

"An haɗa da ita a cikon. Ai sauƙi na nema maka."

Sauƙi! Wallahi da ba yayana ba ne, da na faɗa masa magana. Abin da ya fi ƙona min rai, da shi aka zauna a gindin murhun nan, shi ke warce babban dankali. Iya ta yi shekaru tana kai tokar murhu da takin awaki a ka, tana roƙon Fulani su kwantar da shanu a gonar, shi kuma ya kwashe wahalarta a wuni guda. A nan Abu Hail, unguwar da nake kwana, ina ganin maƙwabcina yana sayo baƙar ƙasa a buhu, yana lallaɓa ta a bokiti don ya samu barkono. Mu da Allah ya ba mu kyauta, mun zuba ta a rami mun lulluɓe da siminti.

Ina yaro na ɗauka mijin Fako mugu ne, shi ya sa nake jin haushinsa cikin kwanciyar hankali. Yanzu na gane mai tuɓe ƙasa yakan zo da fara'a, yana ganin taimako ya yi. Na zo Dubai ne don in samu gida da gona, ga shi gidan ya haɗiye gonar.

Jiya Yaya ya sake kira, wai gini ya kai linta, wane irin tayil za a sa a ɗakina. Har yanzu ban ba shi amsa ba. Ban san yadda zan shimfiɗa tabarma in yi barci a kan gonar Iya ba.