Sarauniya a Hannun Dama

Wani tsohon direban jirgin ƙasa ne ya koya mana ches, darar Turawa, a Kafanchan. Ibo ne, tun yana saurayi aikin reluwe ya kawo shi, bai koma gida ba. Baba muke ce masa. Kullum bayan coci sai mu taru a barandarsa, ya jera 'ya'yan wasan da kansa, ba ya yarda kowa ya sa hannu.

Shekara tara na yi ina haddace buɗin wasa ɗaya a wurinsa, har hannuna ya san taku goman farko ba sai na yi tunani ba. Da aka shirya gasa a garinmu, wadda za a zaɓi mutum biyu su tafi Kaduna, na riga na ga kaina a mota.

Ina zama na ga an jera allon ba daidai ba. Na gyara, na mai da Sarauniya hannun daman Sarki. Alƙalin wasa ya zo ya tsaya a kaina.

"Malam, me kake yi? Farar Sarauniya hagu take zama."

Na yi musu har da ɗaga murya, sai da ya buɗe mini doka a waya. Ashe duk shekarun nan a juye muke wasa. Abokiyar karawata, wata ɗaliba daga kwalejin garin Gidan Waya, ta sunkuyar da kai don kada in ga dariyarta. Hannuna ya yi ta zuwa inda ya saba, ni kuma ina janyo shi. A taku na sha huɗu na miƙa wuya.

Da zafina na wuce gidan Baba. Kunya ce ke cina, kuma ina neman wanda zan ɗora wa. Na faɗa masa komai, ban tausasa ko kalma ɗaya ba.

Ya dubi allonsa da ke jere a gabansa.

"Baturen da ya koya mini, haka ya sa shi," in ji shi. "Mutum nawa na koya ma wannan abu?"

Mun fi talatin, shi ma ya sani.

Ya miƙa hannu, ya sauya wa Sarki da Sarauniya wuri. Sannan ya turo mini kujera da ƙafa.

"Zauna, yarona. Yanzu kai ne malam. Fara daga farko, a hankali, kaina ya tsufa."

Na zauna. Na kasa haɗa ido da shi.