Maganar Ƙarshe ta Mai Fito

Maigidana mai fito ne a gulbin Gummi, da jirginsa muka ci muka sha har muka aurar da 'ya'ya. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa.

Masu fito suna da ƙa'ida tun kakanni. Duk wanda ya ji ihu a ruwa, ko amarya ya ɗauko, dole ya juya jirgi. Kuma ba a karɓar ko goro daga hannun wanda aka tsamo. Na sha yi masa mita a kan haka, sai ya yi dariya ya ce in ɗumama tuwon.

Wata damina ruwa ya cika har ya cinye gonakin shinkafa. Ranar kasuwa da hantsi wani ƙaramin kwalekwale ya kife da wani makiyayi daga wajen Bukkuyum. Maigidana ya juya jirgi, da ya ga ba zai cim masa ba ya faɗa ruwan da gorar tuƙinsa. Makiyayin ya fita. Nawa sai washegari aka same shi a cikin ciyawa.

Ina cikin takaba matar makiyayin ta zo da rago da ƙwaryar nono. Ƙannen maigidana suka mayar mata, saboda ƙa'idar. Sai ta koma zuwa hannu sake duk ranar kasuwa, ta taya ni tsintar wake. Mutuniyar kirki ce, ba ni da abin zarginta. Amma da ta saki jiki sai ta fara:

"Yaya, tsohon mijin nan nawa ya ishe ni. Jiya wai furata ba ta damu ba. Ga minshari kamar injin niƙa!"

Ina dai yi mata dariya. Ita tana da wanda zai raina mata fura. Ni ɗakina shiru, ko tari babu. In na hango su a hanya yana gaba tana baya suna faɗa, sai in rasa inda zan sa idona.

Abin da ya fi cin raina shi ne mijinta ne ya ji muryar maigidana a ƙarshe. Ni da safen nan ko sallama ba mu yi ba, ina bayan ɗaki ya fita. Na daɗe ina son sanin ko ya ambace ni. Rannan na ce ta kawo min shi.

Ya durƙusa a bakin zaure, kansa ƙasa.

"Mi ya ce maka a ruwan?"

"Inna, ya ce in riƙe gora, kar in riƙe shi."

"Sai mi kuma?"

"Ya ce, 'Riƙe da kyau, ɗan'uwa.' Shi ke nan."

Na sake tambaya, ko zai ji tausayina ya ƙara wani abu. Mai tsoron Allah ne, bai ƙara ba.

Ashe ba ni a ciki. Maganar aiki ce, kuma baƙo aka yi wa. Na ce ya tashi, Allah ya ba shi tsawon rai, kuma har zuciyata na faɗa, don in ya mutu nawa ya tafi a banza.

Matar tana zuwa har yau. Na dai roƙe ta abu ɗaya, ta daina ba ni labarin minsharin.