Layi ɗaya maimakon shafi biyu

A ofishinmu Anti Gyara ake ce mata. Shekara goma sha biyu tana buga takardu kafin ta koyi rubuta manhaja, da 'ya'yanta uku. Yanzu ita ke kula da kompaila, manhajar da ke juya rubutunmu zuwa yaren na'ura.

A watana na farko na rubuta wani aiki a yaren manhaja na C++, na sa masa kalmar umarni ta template, na ƙara masa ta virtual. Kompaila ta zubo mini ƙorafi shafi biyu. Na wuni ban gane komai ba.

Anti ta jawo kujera. "Ƙanina, ba a haɗa su. Virtual so yake a san yawan ayyukan tun farko, template kuwa haihuwar sababbi yake ta yi. Amma laifinmu ne da ba mu faɗa maka a fili ba."

Sati biyu ta yi tana gyara saƙon ƙorafin. Yanzu layi ɗaya ne, yana nuna kalmar da za a cire. Da na je godiya, dariya ta yi, ta ce in matsa, na tare mata fanka.