Pak Mahidin da Tambayoyinsa Uku

Kowace safiya, bayan an fito daga sallar asuba, Pak Mahidin, wato Baba Mahidin a harshenmu, yakan sha baƙin kofinsa a tsaye, ya hau kekensa zuwa filin harbi da ke bayan gonakin kwakwar manja. Ba ɗakin ajiya yake fara buɗewa ba. Sai ya taka filin har ƙarshensa, mita ɗari takwas, yana duban ƙyallayen da ya ɗaura a kan sanduna don ya san inda iska ta nufa. Bayan haka ne yake buɗe akwatunan harsasai ɗaya bayan ɗaya, ya shafa, ya shinshina, domin damshin ƙasarmu ba ya barin albarushi lafiya. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana yi wa ƙungiyar maharba ta gundumarmu wannan aiki, kuma a ƙarshen watan nan zai miƙa makullai.

Duk wanda ya zo karɓar harsashi, ko da shugaban ƙungiyar ne, sai ya amsa tambaya uku: me za ka harba, daga wace tazara, kuma me ke bayansa. Maharba sun mai da abin barkwanci, suna cewa auren 'yar Pak Mahidin ya fi karɓar harsashinsa sauƙi. Shi dai yakan yi murmushi ya jira amsa. A kan teburinsa akwai kwalba cike da harsasan da aka tono daga jikin aladun daji, kowanne ya baje kamar ƙaramar lema. Ita ce makarantarsa. Da ita yake nuna wa baƙo cewa harsashin gasa siriri ne mai dogon tsini, an yi shi don ya ratsa iska ya huda takarda a nesa, na farauta kuwa bakinsa dalma ce mai laushi, an yi shi don ya karya ƙashi ya buɗe a ciki, dabba ta faɗi a inda take.

Mu mutanen ƙauyen Talang Sebaris mun san abin da wannan bambanci yake nufi. Shekara goma sha tara da suka wuce wani baƙon maharbi ya ji wa alade rauni bai kashe shi ba. Aladen ya shige ciyawar gonar roba ya kwanta da ciwonsa. Da gari ya waye matata, Mak Rohana, ta je tsaga ɓawon itatuwa da wuƙa don tatsar ruwan roba, ya taso mata ya farke mata cinya. Allah ya yi da sauran kwananta, amma har yau tana ɗingishi, kuma tun daga ranar ba ta ƙara shiga gona ba sai da rakiya.

Shekarar da ta gabata aladu suka dawo, suka shiga cinye shinkafar tudu tun kafin ta nuna. Mutanen ƙauye suka aike ni ƙungiyar maharba neman taimako. Aka ba mu wani gwanin gasa daga birnin Palembang mai suna Rinaldi, matashi mai fara'a wanda ya ci kofi a harbin nesa sau biyu. Ya zo da bindigarsa da harsasan da ya ci kofin da su. Ina tsaye a bakin ƙofa Pak Mahidin ya yi masa tambayoyin nan, ya juya harsashi ɗaya a tafin hannunsa, sannan ya ce ba za a shiga gonarmu da wannan ba.

Rinaldi ya yi dariya. "Haba Pak, da wannan nake huda tsakiyar takarda a mita ɗari takwas. Alade ne zai gagare ni a taku sittin?"

"Takarda ba ta da kafaɗa, ɗana," in ji Pak Mahidin. "Kuma in ka kuskure ta, ba ta zuwa ta kwanta a gonar mutane tana jiran mata."

Shugaban ƙungiya ya ja shi gefe ya ce masa kada ya kunyata baƙo. Pak Mahidin bai ɗaga murya ba. Ya aika aka karɓo ƙashin kafaɗar saniya daga mahauta, ya sare kututturen ayaba huɗu ya jera su a bayan ƙashin, ya ce Rinaldi ya harba. Harsashin gasa ya daki ƙashin ya tarwatse, da aka tsaga kututture na farko sai ɓurɓushi aka samu. Pak Mahidin ya miƙa masa na farauta. Wannan ya karya ƙashin ya wuce har kututture na uku, aka tono shi a baje, bai rabu ba. Rinaldi ya daɗe yana kallon biyun a hannunsa, sannan ya ce ashe kofinsa biyu ba su koya masa komai game da alade ba. Ya so mu tafi nan take. Pak Mahidin ya ce a'a, sabon harsashi ba ya sauka inda tsoho yake sauka, sai an gyara saitin bindiga. Ya tsare shi a filin har azahar, yana harbi yana gyarawa, yana ƙorafin cewa ko a gasa ba a taɓa wahalar da shi haka ba.

Saura tambaya ta uku. Da la'asar Pak Mahidin ya biyo mu ƙauye da kansa, ya zagaya gonata, ya ga hanyar da mata suke bi zuwa gonar roba tana bayan wurin da aladu suke fitowa. Ya sa aka kafa dandamali a kan itace ta ɗaya gefen, don duk harsashin da ya wuce ya nutse cikin ƙasa. Rana ba ta faɗi ba wani babban alade ya fito da garkensa. Harbi ɗaya Rinaldi ya yi. Ya faɗi a wurin, bai ƙara taku ba. Cikin mako guda aka kashe shida, babu ko ɗaya da ya tsere da rauni, kuma muka girbe abin da ya saura na shinkafa.

Pak Mahidin, kai ne wanda ba a taɓa ɗaukar hotonsa riƙe da kofi ba, alhali rabin kofunan da ke bangon ƙungiyar da zaɓinka aka ci su. Kai ne ka duba kafaɗar malamar makarantarmu, ka ce ta bar harsashi mai sa bindiga ta doke ta da ƙarfi ta ɗauki mai sauƙi, ta daina runtse ido, ta je ta yi ta biyu a gasar lardi. Mai kwalbar dalma, ba ka taɓa ba mutum abin da yake so ba sai abin da aikinsa yake bukata. Mun yi alfahari da cewa a gundumarmu aka haife ka.

Ga wanda zai karɓi makullan nan, da duk mai riƙe da bindiga bisa izini, roƙona shi ne ku riƙe tambayoyin nan uku, musamman ta ƙarshe, domin abin da ke bayan alade sau da yawa mutum ne.

Allah ya saka maka da alheri, Pak, ya sa hutunka ya zama mai albarka. Mak Rohana ta ce in gaya maka cewa harsashin da ka tono daga babban aladen ka ba ta yana nan ƙulle a bakin zanenta. Jiya da safe na tashi in raka ta gonar roba, na tarar ta riga ta ɗauki wuƙarta ta tafi ita kaɗai.