Malam Ummaru da Jakin Ƙarya

Ku matso, ku aje wayoyinku. Wagga ba tatsuniya ba ce, amma ku saurare ta da kunnen tatsuniya.

Kun san yayana Malam Ummaru, wanda ya tsufa yana koyarwa a babbar makaranta. Ba ya amsa gaisuwar baƙo sai ya tambaye shi: "Wa ya kafa garinku?" Wata rana ɗan acaɓa ya ɗauko shi daga Aliero za su Jega, Malam ya yi masa tambayar, ya ce bai sani ba. Malam ya ce, "Tsaya. Wanda bai san inda ya fito ba, ba ya kai ni inda za ni." A ƙasa ya iso, ƙafa duk ta kumbura, ni na gasa masa.

Kullum maganarsa guda: wuta ba ta kashe gari, shirun mai labarinsa ke kashe shi. Nakan ce, "Yaya, wannan karatu ne ko taɓuwa?" Sai ya ce, "Hajo, ke dai riƙe mini a kai. Gara na cin takarda, ba ta cin kanki."

Shekarar da 'yan bindiga sunka kori mutanen Tungar Baushe, sunka sauka wajen Maiyama, da wata tsohuwar Bafillatana a cikinsu, Inna Jebbu. Ita kaɗai ta rage da ta san labarin rijiyar garinsu, kuma tun da ta baro gida ba ta sake buɗe baki ba. Jikokinta sun fara mance Fillanci. Malam ya ce sai ya juya musu labarin da Hausa kafin ƙasa ta rufe shi.

Ya kai mata goro, shiru. Ya kai nono, shiru. Sai ya shiga zuwa kullum, ya zauna gabanta, ya tara yara, yana ba su labarin da ya ƙaga da gurgun Fillancinsa: wai jaki ne ya tono rijiyar yana neman ɓawon rogo.

Na ce, "Yaya, da furfurarka kake ƙarya?"

Ya ce, "Ƙoto nake sa wa gaskiya, don ta fito."

Ran da ya ƙara da cewa jakin gurgu ne, sai tsohuwa ta ɗaga sanda. "Jakin gidanku! Farar saniya ce ta durƙusa a wurin, aka tona, kai marar kunya." Ta kwashe labarin tun daga farko har rana ta yi sanyi, tana yi tana zaginsa, shi ko yana juyawa da Hausa, hawaye na bin gemunsa.

Inna Jebbu ta rayu har ta aurar da jika, ba ta taɓa yafe masa jakin ba. Ɗan acaɓan nan ya je ya tambayo kakansa, ya dawo da amsa, ya tarar mun kai Malam makwanci. Rijiya na can cikin daji, ba mai ɗiba. Labarinta na nan kaina, kuma ba wadda za ta tashi daga tabarmar nan sai ta iya shi.

Allah Ya haskaka kabarin Yaya, Ya mai da kowa gidansa.